Roƙon da Kawu Bai Ƙarasa Ba

Daga Allah muka zo, gare Shi za mu koma, kuma babu wanda ake shawara da shi a kan ranar. Kawu, yayan mahaifiyata, ya rasu ranar Laraba da hantsi a gidansa na Karaye, bayan jinyar kwana takwas. Kafin azahar an yi masa sutura, kafin la'asar mun dawo daga maƙabarta ƙafafunmu duk laka. Tun safe hadari ya haɗu ta gabas, ya yi baƙi ƙirin. Bai zuba ba, bai kuma watse ba, haka ya yini a kanmu.

A cikin gida, Inna, mahaifiyata, ba ta yi kuka mai sauti ba. Tana zaune a bakin ƙofar ɗakinsa da carbi, duk wadda ta shigo ta ce mata ya haƙuri, sai ta ce da godiya, ta ci gaba da jan carbinta. Matar Kawu ce ta kasa zama, tana ta shiga ɗaki tana fita kamar mai neman wani abu. 'Yarsa ta fari kuma ta ɗauko takalmansa na roba, laka ta bushe a jikinsu, ta tsaya tsakar gida ta rasa inda za ta ajiye su. Da na durƙusa gaban Inna, ba ta ɗago ba.

"Ruwan hanyar Beli ne ya kwantar da shi," ta ce. "Ka kuma san abin da ya kai shi."

Na ce na sani.

A waje an shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin darbejiya. Tsofaffin malaman makarantarmu su tara suka zauna gefe guda, ba su cakuɗa da kowa ba. Sun yi addu'a mai tsawo, sun gaisa da kowa yadda ya kamata, ni ma sun ba ni hannu. Sai dai na lura da abu ɗaya da ya hana ni sukuni. Matasan malamai duk wanda zai tafi sai ya ce mini sai mun haɗu a makaranta. Cikin tsofaffin nan babu wanda ya faɗi haka. Babbansu, malamin da ke koyar da rabon gado, ya riƙe hannuna ya daɗe, ya ce, "Allah Ya ba ka ikon ɗauka," ya juya.

Bai kai bakin titi ba shugaban hukumar makarantar ya matso kusa da ni. Tsohon ma'aikacin gwamnati ne, mutumin kirki, amma ko a maƙabarta yana iya tuna maka ranar miƙa rahoto. Ya sassauta murya.

"Na san ba lokacinsa ba ne. Amma saura kwana goma sha bakwai a koma. Fom nawa suka dawo daga wurin dattawan?"

"Ko ɗaya, ranka ya daɗe."

Ya dubi hadarin, ya dube ni, ya koma wurin zamansa.

Ina rubuta wannan ne don kada a manta da Kawu, kuma don ina jin tsoron yadda za a tuna da shi. Idan ka buɗe kwamfutar ofis ɗinmu ka neme shi, layi ɗaya za ka gani. Ga suna, gurbin muƙami babu komai, gurbin takardar shaida babu komai. Ni na shigar da shi haka, domin ban san abin da zan rubuta ba.

Kakanmu ne ya fara makarantar a zaurensa, da buzu ɗaya da ɗalibai magidanta masu zuwa bayan sun taso daga gona. Zaure ya zama ɗakuna, ɗakuna suka zama azuzuwa, yau ga ta kwaleji mai ɓangaren maza da na mata. Ana koyar da Larabci da fiƙihu da nahawu da gado, an ƙara Turanci da lissafi da kwamfuta. Yawancin malamanmu yanzu matasa ne masu digiri. Tara ne suka rage daga tsofaffin hannu, waɗanda a zaure suka yi karatunsu, ba su da satifiket ko da na rigakafi. Amma idan uba ya ɗauko ɗansa daga nesa ya kawo mana, saboda waɗannan taran ya kawo shi, kowa ya san haka.

Kawu bai gaji karatun kakanmu ba, kuma da bakinsa yake faɗa. "Ni Allah bai ba ni ilimi ba," yakan ce, "Ya ba ni sanin masu shi." Shekara arba'in shi ke ɗaukar malami, shi ke raba azuzuwa, shi ke sasanta masu faɗa, kuma babu wanda ya taɓa naɗa shi. Ofis ɗinsa benci ne a bakin ƙofar makaranta, kusa da maigadi. Yana riga kowa zuwa, ya zauna da ɓarin goro a kumatu, yana kallon yadda kowane malami ke shigowa. Daga tafiyar mutum yake gane ko an kwana lafiya a gidansa.

Wata safiya wani matashin malamin lissafi ya shigo ya yi sallama daidai, ya wuce. Kawu ya kira shi ya dawo, ya ce, "Koma gida, na ba wani ajinka na yau da gobe." Malamin ya tsaya yana rantsuwar lafiyarsa ƙalau. Kawu ya ce bai tambaye shi ba. Sai daga baya muka ji 'yarsa ce kwance a asibiti, ya kuma ji nauyin neman izini don bai daɗe da fara aiki ba. Na tambayi Kawu yadda aka yi ya sani. Ya ce mutumin da kullum yake tsayawa ya tsokani maigadi, yau ya wuce shi kamar bai gan shi ba.

Haka yake riƙe da kowa a ka. Ya san wanda gonarsa ta Jajaye ke jiran noman maimai, sai ya mayar masa da darasi yamma har a gama. Ya san wanda shanun gidansu ke tashi idan ruwa ya ɗauke. Idan zai ɗauki sabon malami ba ya buɗe takardunsa. Sai ya ba shi ajin da ya fi kowanne taurin kai, shi kuma ya zauna a waje ƙarƙashin taga yana saurare. Idan an fito ya ja ɗalibin da ya fi kowa jinkirin ganewa ya tambaye shi me aka koya yau.

Amma babban aikinsa, wanda ni na ɗauka ba aiki ba ne, shi ne zagayen roƙo. Duk shekara idan damina ta fara ja da baya, kafin a koma makaranta, Kawu yakan ɗaura goro da turare a bayan tsohon babur ɗinsa, ya bi gidajen dattawan nan ɗaya bayan ɗaya. Wasu suna cikin Karaye, wasu a ƙasar Rogo, Jajaye da Beli da Ruwan Bago. Ina ƙarami na taɓa ganin yadda ake yi. Zai cire takalmi, ya zauna a ƙasa, a gaisa har gaisuwa ta ƙare, sannan ya ce:

"Allah gafarta malam, mun zo roƙo. A taimaka mana da bana."

"Ai ni na tsufa, a nemi wani."

Sai Kawu ya saki zancen, a shiga hirar gero da tsadar taki. Can ya sake ɗaukowa.

"Ga yara masu jini a jika," malam zai ce, "me za ku yi da ni?"

A sake sakin zancen. Sai a karo na uku malam zai yi shiru, ya ce to, tunda kun matsa, Allah Ya ba mu iko. A shafa fatiha. Mutumin da ya shekara talatin yana koyarwa a aji ɗaya, haka ake zuwa a roƙe shi kowace shekara kamar bai taɓa taka makarantar ba. Idan ka tambayi Kawu dalili, amsarsa gajera ce: guga ke zuwa rijiya.

Ni kuma da na girma na je na karanta harkar kula da ma'aikata, na yi aiki a birni, na dawo da kaina cike da tsari. Hukumar makaranta ce ta kira ni. Masu duba makarantu sun ce idan muna son a ci gaba da amincewa da takardar da muke ba ɗalibai, dole kowane malami ya kasance da fayil: takardar neman aiki, takardar ɗauka, matakin da yake kai, da shaidar yana zuwa. Na zo da zafina. Kawu ya dube ni da jakata ya raɗa mini suna Mai Fayil, har ya rasu bai sake kirana da sunan yanka ba.

Ba zan yi wa mamaci ƙarya ba, ba kuma zan yi wa kaina ba. Makarantar tana bukatar gyara. Abin da ke ka ɗaya, ranar da kan ya yi ciwo kowa ya shiga uku. Akwai ɗan ƙanen Kawu da ya shekara goma sha biyu yana shiga aji ya ba da labarin duniya ya fito, kowa ya sani, Kawu ya kasa taɓa shi saboda zumunci. Matasa masu ƙoƙari suna zuwa su yi shekara biyu su gudu, domin babu wanda zai gaya musu inda za su kai idan sun zauna. Akwai kuma wata malama a ɓangaren mata, ta shekara goma tana koyarwa, ta samu gurbin ƙaro karatu, aka ce ta kawo shaidar ta taɓa aiki. Babu ko ƙyallen takarda. Gurbin ya wuce ta.

Ranar da na buga mata takardar ɗauka aiki na sa hannu, Kawu ya karɓa ya juya ta gaba da baya, ko da yake ba ya karanta boko sosai. Ya ce, "Mai Fayil, a nan ka fi ni gaskiya. Na zalunci yarinyar nan ban sani ba." Da kansa ya kai mata har ƙofar ɓangaren mata, ya nemi ta yafe masa. Ban taɓa ganin dattijo ya karɓi laifi da sauƙi haka ba, kuma abin ya sa ni jin kaina. Na ɗauka tunda na yi daidai sau ɗaya, komai na kawo daidai ne.

Sai na kawo na'urar dangwala yatsa, aka kafa ta a bangon ofis. Matasa suka riƙa dangwalawa suna wucewa. Dattawa kuwa manoma ne, fartanya ta cinye zanen yatsunsu. Malamin nahawu, wanda ɗalibansa suka zama alƙalai da limamai, ya ɗora babban yatsa, na'ura ta yi ƙara ta ƙi. Ya sake, ta ƙi. Ya lashi yatsan ya goge a riga, ta ƙi. Ga ɗalibai a tsaye suna kallo, wani ya kasa riƙe dariya. Malam ya sauke hannunsa ya ce, "To, ashe yau ban zo ba." Ya tafi ajinsa ya koyar, amma ranar bai tsaya shan shayi da kowa ba.

Washegari na tarar an yafa wa na'urar tsohon rawani. Na cire, gari na wayewa na sake tarar da shi. Ba mu taɓa yin maganar ba ni da Kawu, sai dai na buɗe wa dattawan littafin sa hannu, shi kuma ya ɗauke rawaninsa. Wannan ya kamata ya zame mini gargaɗi. Wanda ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba.

Rigimarmu ta gaske a kan fom ce. Samfurinsa daga birni na zo da shi, iri ɗaya ga kowa. Na ce kafin a koma bana, tsoho da sabo kowa ya cike, domin masu dubawa za su zo a mako na biyu, kuma duk wanda aka samu gaban aji babu fayil, laifin makaranta ne. Na zuba na dattawan a ambulan, na ba direban makaranta ya raba musu gida gida. Da yamma sai ga Kawu a ofis, wurin da ba ya shiga. Bai zauna ba.

"Mai Fayil, karanta mini layin farko."

Na karanta: ni wane, ina neman a ɗauke ni aikin koyarwa a wannan makaranta.

"Sake karantawa."

Na sake.

"Kakanka da furfurarsa ya je har Ruwan Bago ya zauna a ƙasa, ya roƙi malamin gado, lokacin malamin ko gemu bai cika ba. Shi ne yau zai rubuto maka yana nema?"

"Kawu, ƙa'ida ce. Ni ma na cike."

"Kai ai nema ka yi aka ba ka. Su nemansu aka yi." Ya dafa tebur. "Ban ce kada ka yi takarda ba. Juya ta. Makaranta ta rubuta ita ke nema, malam ya sa hannu ya amince. Ka samu fayil ɗinka, shi ya samu mutuncinsa."

Da na saurara da kunnen hankali, da magana ta ƙare a nan. Amma ran nan na gaji, kuma na ƙosa da yadda komai na taɓa sai an ce mini kakanka. Na ce masa makaranta ta wuce zaure, ba za a yi wa mutum tara doka daban ba. Na ce zagayen roƙo ma na cire shi daga tsarin bana, domin wasan kwaikwayo ne, kowa ya san amsar tun kafin a tayar da babur. Na ce wannan zamanin ya wuce. Yayan mahaifiyata na faɗa wa haka, yana tsaye ina zaune, kuma har gobe ina jin kunyar abin.

Bai ɗaga murya ba. Ya gyara hularsa ya ce, "Zamani ba ya tafiya shi kaɗai, da mutane yake tafiya. Ka duba da kyau su wa za su bi shi." Ya fita, ya bar mini ƙofa a buɗe.

Bayan kwana biyu aka ce mini an ga babur ɗinsa a hanyar Jajaye. Ya fita zagaye ba da sunan makaranta ba, da man babur ɗinsa da goronsa, ga shi dama tari ya dame shi tun farkon damina. Ya gama biyu na cikin gari, ya yi na Jajaye, ya yi na Beli. Kowanne ya amsa masa, ko da yake an ce sai da ya fara ba su haƙuri a kan ambulan kafin su yarda a yi zancen aji. A hanyarsa ta dawowa daga Beli ruwa ya tare shi a fili, babu ko bukka. Ya iso gida yana rawar sanyi, ya kwanta, bai sake tashi ba.

Kullum ina zuwa duba shi, kuma kullum muna kauce wa zancen makaranta. Ana gobe zai rasu, bayan la'asar, ya ɗago hannu da ƙyar ya buɗe yatsunsa duka. Ya ce, "Saura biyar." Na ce Allah Ya ba ka lafiya, Kawu, ka ƙarasa. Amsar matsoraci ce, na sani tun tana bakina. Ya dube ni ya sauke hannun.

Bayan sadakar uku na shiga ofis na juya takardar yadda ya ce. Makaranta na roƙon Allah gafarta malam wane ya taimaka mata da koyarwa a wannan shekara. Na kai wa shugaban hukuma, ya karanta ya ce ai wannan ma ta wadatar, abin da masu dubawa ke so su gani sa hannu ne. Minti goma sha biyar aikin ya ɗauke ni.

Bayan sadakar bakwai Inna ta kira ni. Ta ce kada in ruɗi kaina da huɗun da suka amsa, domin Kawu suka amsa wa, Kawu kuwa yana ƙasa. Ta ce duka takwas ɗin malamin gado suke kallo. Idan ya zo za su zo, idan ya zauna a gida kowa zai zauna a nasa. Kawu yakan bar shi ƙarshe ne saboda abokai ne tun suna samari, a can yake yini. Ta ɗaure mini goro da turare a ƙyalle, ta ce, "Ka cire takalmi tun daga waje. Kuma kada ka duba agogo."

Na tashi da sassafe. Mota ta kai ni inda laka ta fara, na ajiye ta na ƙarasa Ruwan Bago a ƙafa. Na tarar da malam a zaurensa da wasu makiyaya biyu, 'yan'uwan juna, suna magana da Fulatanci a kan shanun da mahaifinsu ya bari. Ban ji yaren ba, amma na ga sun shigo kowa na kallon bango, sun fita suna tafiya tare. Sannan ya juyo gare ni. Muka gaisa, ya tambayi Inna, ya tambayi marayu, ya tambayi hanya, ya sake yi wa Kawu addu'a. Na ajiye ƙyallen a gefen buzunsa.

"Allah gafarta malam, na zo roƙo. A taimaka mana da bana."

"Ido ya yi rauni, ɗana. A nemi wani."

Zuciyata ta ɗan kwanta, domin na san wannan amsar. Na saki zancen, na tambayi dawa, na tambayi ruwan bana. Hirar gona ba ta zauna a bakina ba, shi ma ya ji. Can na sake roƙo.

"Kun tara masu digiri. Me za ku yi da ni?"

Na sake saki. Na jira har inuwa ta matsa daga bakin ƙofa. Sannan na roƙa karo na uku, na fito da sabuwar takardar, na ce na gyara kuskurena, yanzu makaranta ce ke nema. Bai miƙo hannu ba. Ya yi shiru, irin shirun da na ɗauka daga shi sai fatiha.

"Ka taɓa shiga ajina?"

"A'a, Allah gafarta malam."

"Kawunka duk Talata yana zaune a baya, kusa da ƙofa. Shekara arba'in. Har ya rasu bai iya raba gadon akuya uku ba, kansa ba ya ɗauka. Amma yana zuwa."

Na tuna duk Talata da hantsi bencin bakin ƙofa babu kowa. Na tuna har na taɓa rubutawa a wani rahoto cewa Kawu bai cika zama a bakin aikinsa ranar Talata ba.

"Ba fushi nake yi ba," malam ya ce. "Ambulan ɗinka ta zo, na ajiye, ban ce komai ba. Yaranka masu digiri sun san lissafin gado, wasu ma sun fi ni sauri. Abin da ba su taɓa yi ba shi ne zama tsakanin 'yan'uwa a raba gona mai tsamiya a kan iyaka, a raba shanu wata na da ciki, a tashi kuma ana gaisawa. Wannan nake koyarwa. Kawunka idan ya ce a taimaka mana, ya san abin da yake roƙo. Kai sunana kake roƙo, ya cika maka layi."

Na ce a yi mini afuwa, zan koya, zan riƙa shiga ajin.

"To, madalla. Idan na amsa maka bana, baɗi wa zai zo?"

"Ni zan zo."

Ya dube ni ya daɗe, ba da ƙiyayya ba.

"An ce mini shekara biyu ka ɗauka da hukuma, kuma bayan babbar Sallah za ta cika."

Gaskiya aka gaya masa. Kwantiragin shekara biyu ne, ni na tsara shi da hannuna, na ma yi alfahari da shi a gaban hukuma, na ce aikin gyara yana da ranar farawa da ranar gamawa. Iyalina suna birni, yarana suna makaranta a can, wurin aikina na dā ya riƙe mini kujera. Tsarin da na rubuta wa makarantar ya tanadi komai, daga ɗaukar aiki har ritaya, amma babu layi ɗaya a ciki da ya ce ga wanda zai riƙa zuwa Ruwan Bago. 

"Ranar arba'in zan zo in raba gadon kawunka," ya ce. "Wannan alkawari ne tun yana raye. Zancen aji kuwa, ka je ka yi shawara da kanka tukuna. Ni ba na son in fara wa yara littafi in bar su a tsakiya." Ya karɓi goron, ya sa mini albarka, ya bar takardar a inda na ajiye ta. Da zan fita na sunkuya na ɗauke abata.

Yau Juma'a, gobe Asabar za a koma. Na sa an share azuzuwan tara an shimfiɗa tabarmi. Ɗalibai sun fara isowa da jakunkunansu, na nesa tun jiya. Ɗazu bayan masallaci wani magidanci cikinsu, wanda ya bar gonarsa a hannun ƙanensa don ya ƙarasa karatun gado bana, ya tare ni ya yi mini gaisuwar Kawu, sannan ya tambaya ko Malam yana nan lafiya. Na ce masa lafiyarsa ƙalau. Ban koma Ruwan Bago ba, domin amsa ɗaya ce za ta mayar da ni, wato in ce masa na zauna ba zan koma birni ba, kuma ban gaya wa mai ɗakina komai ba tukuna.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya haskaka makwancinsa, Ya yafe masa zumuncin da ya rufe masa ido a wasu wurare, Ya saka masa da kowace tafiya da ya yi cikin laka zuwa ƙofar masu ilimi. Allah Ya ba Inna da matarsa da 'ya'yansa haƙuri. Idan kuma gobe azuzuwan nan suka wayi gari babu malamai, ina roƙon Allah kada Ya tambayi Kawu. Shi ya yi huɗu da tari a ƙirjinsa. Sauran biyar ni aka bar wa.